Takin da Lachlan Ya Gyara

Lachlan Geddes magini ne, kuma tun yana saurayi ba ya iya wuce tsohon bango bai tsaya ya ƙura masa ido ba. Me ya sa tagar nan ta tsuke haka? Wa ya sassaƙa wancan dutsen? Matarsa takan ce da duwatsu na magana, da tuni ya yi mata sallama ya tare a wurinsu.

Da aka ba shi aikin tayar da hasumiyar Kinvarrie, dogon gidan dutse da ya daɗe ba rufi, har abinci yake mantawa. Ya gano amfanin ramukan harbi na gefen ƙofa, ya gano abin da ya sa bangon ƙasa ya fi na sama kauri. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai: a matakalar da ke murɗawa zuwa sama, taki guda ya fi sauran tudu. Ya auna, ya sake aunawa, ya yanke cewa maginin farko ya kwana a mashaya ne. Sai ya daidaita shi da 'yan'uwansa.

Shi kuwa ba mai gidan da ya ba shi aikin yake son burgewa ba. Gwaggonsa Ishbel ce a ransa, wadda ta tashi a hasumiyar lokacin mahaifinta na kiwon tumaki a gindinta. Yanzu idonta ya tafi, ba ta da buri sai ta sake shiga ɗakin sama inda aka haife ta.

Da aiki ya kammala ya kawo ta, ta ƙi a riƙe mata hannu. "Kauce, ɗan nan. Ƙafata ta san gidan nan tun uwarka ba ta san ubanka ba."

Ta hau tiryan-tiryan. Can tsakiya ta ɗaga ƙafa da kyau, ta taka iska, ta tafi luu, Lachlan ya tare ta.

"Ina babban takin?" ta ce tana haki.

"Na gyara shi, Gwaggo."

"Ka gyara! Don baƙo mai takobi aka yi shi, sakarai, ya yi tuntuɓe a ji shi. Ɗan gida ba ya faɗuwa a nan." Ta shafa bangon. "Sauko da ni. Ka mai da ni baƙuwa."

Maganar ta soke shi ƙwarai. Kafin mako ya zagayo ya mayar da takin yadda ya same shi.

Ranar da ta dawo, yana biye da ita don kada ta faɗi. Ita ta wuce abinta, shi ya fasa gwiwa a babban takin.