Azarar Macen Giginya

Ni dai wawa ne, kuma wautata ba ta tsautsayi ba ce. Zama na yi na kwaɓa ta da hannuna, na bar ta ta kwana kamar ƙasar gini. Karatuna aji biyu ne a firamare, shi ma rabinsa leƙen taga na yi. Abin da na iya ginin ƙasa ne. Daga Daura zuwa Baure har Babban Mutum, akwai zaurukan da in ka ɗaga kai, hannuna kake kallo.

Ina da jika, ɗan babban ɗana. Tun yana ƙarami muke wasan kaka da jika. Gaisuwarsa ita ce, "Tsoho, har yanzu ba ka mutu ka bar min matata ba?" Kakarsa yake nufi. Ni kuma in ce, "Ja'iri, je ka fara wanke majina."

Da ya gama sakandare sai ya samu gurbi biyu na karatun zanen gini, ɗaya a wata jami'a nan gida, ɗaya a Turkiyya. Ransa na can. Ya zo ya nuna min hoton wani masallacinsu a waya, kubba a kan kubba, ya ce, "Tsoho, ka ga gini. Naka ai tukunya ce aka kife." Wasa yake yi. Na yi dariya har da tafi, amma maganar ta samu wuri a cikina ta zauna.

Ubansa falken shanu ne a kasuwar Mai'aduwa, har ya ware bijiman da zai sayar saboda tafiyar. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ni shanu na sani. Ku kuka san gini, ku duba ku zaɓa masa."

Ka ga an ba kura ajiyar nama. Na ce abu mai sauƙi: ga ɗakin awaki a bayan gida ba rufi, ya rufe shi shi kaɗai. In rufin ya kai ƙarshen damina, ya hau jirgi. In ya zube, ya yi karatunsa a gida, kusa da inda zan riƙa ja masa kunne. Yaron ya miƙo hannu muka tafa, ya ce, "Ka fara koyon kewata."

Rufin ƙasa a kan azara yake kwanciya, wato itacen giginya da aka faskara. Ta namijin giginya baƙa ce, nauyi gare ta, gara ma hakura take yi da ita. Ta mace kuwa cikinta ɓargo ne, ta ji nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta rusuna. Ina da iri biyun a jingine a garka. Da kaina na zaro masa ta macen, na goge ta da toka da baƙin mai don ta yi duhu.

Ya ɗaga guda ya jinjina, ya ce, "Kaka, wannan ta yi?" In ya ce Kaka, to ba wasa a maganar.

Na ce, "Ta yi."

Kuma wallahi ya yi aiki. Ya auna da igiya, ya zana a takarda, ya jera azara, ya shimfiɗa zana, ya ɗora ƙasa, ya ba indararo gangara daidai. Tafukansa suka farfashe. Ina zaune a inuwa ina cin goro ina kallo, a raina ina cewa ni a shekarunsa ban kai haka ba.

Ruwa na uku ne ya kawo ƙarshen zancen. Bayan la'asar aka ɗauke, sai muka ji rugum. Rufin ya zauna a tsakiyar ɗaki, ya karya wa akuyar kakarsa ƙafa. Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma sai na fita majalisa na kirawo tsofaffin banza irina, na ce su zo su ga aikin Turkiyya. Muka kewaye shi yana tsaye cikin taɓo. Wani ya ce gara da aka gwada da akuya. Ni na raɗa masa suna Injiniya Rugum, kafin magariba yaran unguwa sun ɗauka. Ya yi ƙoƙarin dariya, tunda wasan kaka ba a fushi da shi, amma bakinsa ya ƙi.

Ubansa bai ɗauki abin da wasa ba. Ya mayar da bijimansa garke, ya ce wanda ya kasa ɗakin awaki ba zai je ya kunyata shi a ƙasar mutane ba. Yaron ya yi kwana biyu yana juya takardarsa yana neman inda ya yi kuskure a lissafi. Har ni ya tambaya. Na ce masa gini ba a takarda yake ba. Ranar da wa'adin karɓar gurbin Turkiyya ya cika, ina gida, bakina ƙalau, na ci tuwo har da ƙari.

Ya tafi jami'ar gida. Hutun farko da na biyu ya zo, wasan yana nan amma ya rame. A hutun shekara ta biyu ne ya shigo zaure ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Barkanku da yamma, Kaka. Mun same ku lafiya?"

Na ce, "Kai, ja'iri, yau ba ka tambayi matarka ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce an kai su ganin tsofaffin gine-ginen ƙasa, an koya musu itatuwan rufi ɗaya bayan ɗaya.

"Malaminmu ya ce duk maginin da ya yi wata guda a sana'a, da ido yake gane azarar mace. Na ce masa a'a, Malam. Ni na san wanda ya tsufa a cikinta bai gane ba."