Tabon Ƙaho a Ƙeyata

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Wasu sun yi ta kira ba a ɗauka ba, wasu har an gaya musu na rasu. Ban rasu ba, amma na leƙa.

Wata Talata ce da hantsi, ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Wambai. Kawai sai na ji kamar an maka min taɓarya a ƙeya. Na yi amai a kan shaddar mutane. Wuyana ya ƙage, ko hasken ƙofa ba na iya kallo.

Da aka kai ni gida, matata Hadiza ta ce a tafi asibiti. Inna, mahaifiyata, ta shafa ƙeyata ta ce, "Mataccen jini ne ya taru. Haka babansa ya sha yi, ƙaho biyu sai ya miƙe. A kira wanzami."

Kar ku ga laifinta ita kaɗai. Ni ma na yarda, don tsoron asibiti nake. Kuma na daɗe da watsar da maganin hawan jinina, wai ba na jin komai.

Wanzami ya aske ƙeyar, ya kafa ƙaho, ya tsattsaga, ya zuƙo baƙin jini ya nuna mana. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ga cutar ta fito. Na kwanta ina haɗiyar ƙwayar ciwon kai, ina jiran sauƙi.

Ranar Juma'a ina alwala na kife. Daga nan sai abin da aka ba ni labari.

Asibitin farko suka ce ya fi ƙarfinsu, a wuce Abuja. Can aka ɗauki hoton kaina. Likita ya ce wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ta kumbura kamar balan-balan. Ranar Talata ta tsage, ranar Juma'a ta fashe.

Da ya juya kaina ya ga shaidar ƙaho, ya ce, "Mama, yaushe aka yi masa wannan?"

Inna ta ce, "Talata."

Ya ce, "Da ma ranar kuka kawo shi."

Hadiza ce ta sa hannu a takarda, bayan an gaya mata zan iya mutuwa a ɗakin tiyata, ko in farka ban gane ta ba. Filina na Garam aka sayar aka yi aikin. Suka buɗe ƙoƙon kaina, suka datse jijiyar da wani ɗan ƙarfe. Yana nan ciki har in mutu.

Na farka da tiyo a hanci da robar fitsari. Kowace awa a haska min ido, a tambaye ni sunana. Mutum biyu aka fitar a lulluɓe daga gadon kusa da ni. Na ji tsoro, na yi kuka ba kunya.

Maganata ta dawo, ƙafa ta dawo. Hannun hagu har yau ba ya riƙe yadi. Ina zuwa asibiti gashin hannun duk mako, keken kuma yana lulluɓe.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da waɗanda suka ba da jini ban san su ba. Hadiza, Allah Ya biya ki, ke kika yi gaskiya tun farko.

Jama'a, ciwon kan da ya faɗo muku lokaci guda, irin wanda ba ku taɓa ji ba, da amai ko ƙagewar wuya, ku nufi asibiti a lokacin, ku nemi a ɗauki hoton kai. Masu hawan jini, kar ku bar magani don kun ji garau.

Ɗinkin tiyata ya kai tsawon tafin hannu, Inna tana kallonsa ba komai. Ɗan ƙaramin tabon ƙahon nan ne in ta gani sai ta tashi ta shige ɗaki. Na ce mata na yafe, ta ce ita ba ta yafe wa kanta ba.

Shi ya sa ko a cikin gida ba na cire hula.