Murfin Rumbun Ebenezer

Ebenezer ɗan Solomon, jikan Michael na Rikoto, manomi ne ɗan manoma, kuma yana cikin ɗaliban da na koyar a shekara talatin da biyar da na yi ina riƙe da alli. Bai wuce aji shida ba, amma ban taɓa koyar da mai naci kamarsa ba.

Abin da ya sa a gaba shi ne murfin rumbu. Na ciyawa gara ke cinye shi, kwano kuwa yana sa hatsi gumi. Sai ya ƙudura yin allo da zaren rama. Yakan jiƙa ramar a ruwan toka domin ta saki santsinta, ya shanya, ya cuɗa da makuba da dafara, waɗanda magina ke shafe gini da su don kare ruwa, sannan ya danne da duwatsu. Shekara bakwai yana gwaji. Allunan farko sun karye a hannu, na bayansu sun kumbura da yayyafin farko.

Bara ya samu wanda ya hau kansa bai tsage ba, ya kwara masa ruwa ya gangare. Ya yanke shi da zarto daidai bakin rumbu, ya rufe dawar gidan kaf, wadda za ta kai su kaka.

Matarsa Leah ta ce, "Baban Dinah, raba dawar nan biyu. In allonka ya ji kunya, kada mu ji yunwa tare da shi."

Ya ce, "Abin da ya ɗauki ƙato kamata, ruwa ne zai gagare shi?"

Saman allon bai yi yoyo ba. Amma gefen da zarto ya bi bai sake shafe shi da makuba ba, bakin zaren a buɗe yake, ya dinga tsotsar ruwan Agusta kamar lagwani yana kai shi ciki. Da aka buɗe rumbun, dawar ta yi baƙi, wata ta tsiro. Leah ta ɗauki 'ya'ya ta tafi Kanya wurin 'yan'uwanta, domin babu abin ɗora tukunya.

Na same shi a gidan shi kaɗai, ya rame, yana jiƙa wata ramar. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai haƙura ba.

Ya ce, "Malam, dawar ta riga ta ruɓe. Gefen ne, yanzu na sani. In na bari, ta ruɓe a banza ke nan."