Gwaggo Tabawa da Ceɗiyar Jemagu

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa mai daddawa, kuma har yau ban sha miyar kukar da ta kama ƙafar tata ba. Na san kowane tsoho haka yake faɗi game da hannun da ya rene shi, don haka ba zan ja da kowa a kan wannan ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai wata magana da ya kamata in gaya mata tana da rai, girman kai ya hana ni, ita nake so in faɗa yau a bainar jama'a.

Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina ƙarami bayan rasuwar mahaifiyata, ta rene ni a Kankiya, zamanin Turawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifinta aka sa mini, sai dai ta ce Mai-sunan-Malam. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai saurin amsa magana, kuma warin daddawa ya kama zannuwanta kamun da babu sabulun da ya isa ya fitar. A makarantar elemantare an sha yi mini ba'a da wannan wari, ni kuwa da shi aka saya mini riga da wando.

Yaran yanzu da suka tashi suka ga dunƙulen miya na kanti ba za su gane abin da ɗorawa take a wancan lokaci ba. Idan sanyi ya fara ja da baya takan fitar da jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hula, kafin ruwan farko kuma 'ya'yanta sun nuna. Matan Tafashiya da Kafin Soli, har da na Mawashi can wajen Kusada, su ke kawo wa Gwaggo kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, a kan jakuna. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando har ta ruɓa yadda ake so, sannan ta kirɓa ta shanya. Garin ɗorawar nan rawaya shi ke riƙe cikin yara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ɓawon, wato makuba, magina da masu daɓe ke rububinsa. Fulani su huta da shanunsu a inuwarta, mai gona ya sami taki, matan Fulanin kuma su ba Gwaggo nono su karɓi daddawa. Ban taɓa zama na lissafa bakunan da ke ci daga itacen nan guda ba, sai da na taɓa abincinsu da hannuna.

Ga yadda aka yi. Da na gama makaranta na yi ɗan horo aka ba ni aikin duba-gari, aka turo ni garinmu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga kakin da ya sha guga, ga gajeren wando, ga keke. Ina leƙa randunan mutane ina neman tsutsar sauro, tsofaffin da suka goya ni suna ce mini ranka ya daɗe. A lokacin gani nake duk garin babu wanda ya san komai sai ni.

A gefen kasuwa akwai wata tsohuwar ceɗiya, jemagu sun mai da ita gida. Da rana suna rataye a rassanta, da magariba su tashi su nufi daji. A ƙarƙashinta mahauta ke da rumfuna, kuma gaskiya kashin jemagun yana zuba har kan nama. Sarkin pawa ya kawo mini kuka, kuma kukansa na gaskiya ne. Na sa aka tara kara da ɗanyen ganye da barkono a gindin itacen, aka yi ta turara hayaƙi da rana tsaka, ana kaɗa garewani. Kwana uku muka yi muna wannan aiki, duk kasuwa na tari da atishawa. Rana ta huɗu ko jemage ɗaya babu. Na rubuta rahoto mai daɗi, na koma gida ina jiran yabo.

Gwaggo tana tsugune tana wanke kalwa, ko kallona ba ta yi ba.

"Mai-sunan-Malam," in ji ta, "ka kori baƙin ɗorawa, ga ta tana shirin fure. Wa ka aje mata madadinsu?"

Na yi dariya na tambaye ta me ya haɗa jemage da ɗorawa.

"Ni dai ban yi lamantare ba. Amma tun ina ɗiya nike tsintar kalwa. In ka tai gindin ɗorawa da magariba, su za ka ishe bisa furen suna lasa. Na taɓa tsintar wani ya faɗo, hancinshi duk garin fure. Shekarar da suka yi yawa, ɗorawa takan yi 'ya'ya har reshe shi karye. Abin da idona ya gane man ke nan."

Na ce mata wannan zancen tsofaffi ne, babu shi a littafi. Na tuna kalmomin sarai, domin sun fi shekara hamsin suna damuna.

A shekarar, ɗorawa ta yi fure kamar ba gobe, furen ya bushe ya zube, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai. Jakunan da ke zuwa daga Tafashiya da mangala cike suka zo da abin da bai taka kara ya karya ba. Tukwanen Gwaggo uku, ɗaya kawai ke hawa murhu. Masu tuwon sayarwa suka koma miya da kanwa da gishiri, magina suka rasa makuba, yaran unguwarmu suka yi bazara babu garin ɗorawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanyi ne bai yi ba, ni ma na bi sahunsu da babbar murya. Ba zan rantse cewa hayaƙina kaɗai ya jawo ba. Amma Gwaggo ba ta taɓa ce mini "ka gani ko" ba, kuma shirun nan nata ya fi zagi ciwo.

Da kaka ta wuce jemagun suka fara dawowa, kaɗan-kaɗan, har ceɗiya ta sake cika. Ana nan sai Baturen lafiya ya zo rangadi. Ya bi ta kasuwa, ya dubi ƙasan itacen, ya toshe hanci, ya ce mini kafin ya dawo a sare shi. A wancan zamani idan Bature ya ce a yi, ƙaramin ma'aikaci irina ba ya tambayar dalili. Na yi magana da masu gatari, muka sa rana.

Ana gobe za a sare, da hantsi, Gwaggo ta same ni a zaure ina goge kekena. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba.

"Baturen naka, sama ya duba ko ƙasa?"

Na ce ƙasa.

"To ƙazanta ta dame shi. In ya dawo ya ishe wurin fes, nama kuma ba ya nan, mi za ya ce?"

Na ce mata mahauta ba za su tashi ba, domin babu wani wuri mai kyau da ya rage a kasuwa.

"Akwai nawa," in ji ta.

Rumfar Gwaggo tana bakin ƙofar kasuwa ta gabas, inda duk mai shiga sai ya wuce ta gabanta. Ta gaje ta daga uwarta, kuma masu neman wurin ba su ƙirguwa. Ranar ta je ta sami sarkin pawa da sarkin kasuwa, ta ce mahauta su koma can su kafa rumfunansu, ita za ta dawo gindin ceɗiya. Sarkin pawa ya ɗauka wasa take yi, sai da ya ga ta kinkimo kwandunanta da kanta. Sannan ta juyo gare ni a gaban mutane ta ce shara kuma tata ce, kullum kafin kasuwa ta ci, muddin tana numfashi. Abin da take nema a wurina guda ne, in sallami masu gatari.

Na sallame su, amma kada mai karatu ya ɗauka don na yarda da maganarta ne. Kunya ce kawai ta hana ni saɓa wa matar da ta goya ni a gaban duk kasuwa. Makonnin da suka biyo baya na yi su cikin fargaba, domin na san ƙin bin umarni zai iya cin kakina da kekena.

Ranar da Baturen ya dawo, na bi shi a baya. Ya iso gindin ceɗiya ya tarar da ƙasa an share ta tas, an yayyafa ruwa, an barbaɗa toka. Ga wata 'yar tsohuwa zaune, kowane kwando an rufe shi da faifai. Ya dubi ƙasa, ya dubi rumfunan mahauta can nesa, ya gyaɗa kai ya wuce. Jemagu kuwa ga su nan suna reto a saman hularsa, amma Allah bai ba shi ikon ɗaga kai ba. Da ya yi nisa Gwaggo ta miƙo mini ƙullin daddawa ta ce in kai wa mai dafa masa abinci.

Shekara goma sha shida ta yi tana wannan shara. Turawa suka tafi, aka yi gwamnatoci, ita tana nan da tsintsiyarta da kwandonta kowace safiya bayan ta idar da salla. Abin da ta share takan kai 'yar gonarta ta bayan gida, kuma kuɓewarta ta fi ta kowa. Cinikinta ya ragu, wannan babu shakka, domin ba kowa ke son ratsowa har gindin itacen jemagu ba, wasu ma ƙyama suke yi. Aka laƙaba mata Tabawa mai jemagu, ta karɓi sunan tana dariya. Ni ne dai sunan ke ƙona wa rai. Amma ɗorawa ta ci gaba da haihuwa, jakuna suka ci gaba da zuwa, kuma matan ƙauye da yawa sun aurar da 'ya'yansu da kuɗin kalwa ba tare da sun san wadda ke share musu hanya ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, na zo daga Katsina inda aka mai da ni aiki. Ta kama hannuna ta ce, "Wa za ya riƙa share wurin?" Na ce ta kwantar da hankalinta, zan sa a yi. Na kuwa sa, na wata biyu ko uku. Daga nan aiki ya sha kaina, na manta. Bayan 'yan shekaru aka zo gyaran kasuwa, aka ce itacen ƙazanta ne, aka sare shi. A lokacin ina da muƙamin da kalma ɗaya daga bakina za ta iya tsayar da gatarin. Sai a bakin wani direba na ji labari, bayan an gama ƙona itacen.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Hanyar Kafin Soli da na sani da ɗorawa dama da hagu, yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga guda, ita ma an sassare mata rassa. An mai da su gawayi an loda a mota. Daddawar da ake sayarwa yawanci ta waken suya ce, magina sun koma siminti, Bafulatani ya rasa inuwar da zai tsaya, mai gona kuma yana sayen taki a buhu. Ba na cewa komai na da ya fi na yanzu. Ni da na ga yadda ciwo ke kwashe yara kafin a sami rijiyoyi masu tsabta ba zan faɗi haka ba. Ina jin ita ma ba za ta tsaya dogon jimami ba. Tambaya za ta yi, irin wadda ta yi mini: da kuka kori wannan, wa kuka ajiye a madadinsa?

Bara jikata Hadiza, wadda ke karatun aikin gona, ta zo hutu. Muna hira ta ce mini, "Alhaji, ka san jemage ne ke ɗaukar garin fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan? In babu shi da ƙudan zuma ba ta haihuwar kirki." Na tambaye ta inda ta ji. Ta ce a littafinsu yake. Na tashi na shiga ɗaki, don ban so ta ga tsoho yana hawaye a kan jemage.

To, Gwaggo, ga maganar da na riƙe: ke ce da gaskiya, ni ne ban sani ba. Kin gani da ido tun kafin a rubuta, kin kuma biya da rumfar uwarki da bayanki da ya ranƙwafa. Allah Ya jiƙanki, Ya sa inuwar da kika tsare wa bayinSa ta zame miki inuwa ranar da babu wata.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona mai girma ba, ceɗiyarta ma na bari an sare. Amma a ƙofar gidana na Kankiya, inda na dawo bayan na ajiye aiki, akwai wani durumi, kuma tun sanyin bana jemagu suka sauka a kansa. Maƙwabta sun aiko mini har sau biyu. Shekaranjiya mai unguwa ya zo da kansa, ya same ni da sassafe a duƙe a gindin itacen.

"Haba Alhaji," ya ce, "kai da ka yi duba-gari, kai za a koya wa tsabta? A sare abin nan kowa shi huta."

Na ɗago da ƙyar, domin bayan ɗan saba'in da ɗoriya ba ya son tsintsiya. Na ce masa ya dubi ƙasa ya gaya mini ko ya ga wani abu. Ya duba, ya ce babu.

Na ce to gobe ma ya zo ya duba.