Masu Taya Baba Cin Kifi

Ƙafar Baba ta lalace ne daga ɗan yankan da fartanya ta yi masa a gonarmu ta hanyar Paki, abin da bai kai a kira shi ciwo ba. Ya daka ganye ya shafa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da nomansa. Sai da wari ya fara tashi muka kai shi asibiti a Ikara, a nan aka gano ciwon suga ya daɗe yana cinsa ba mu sani ba. Suka wanke, suka yanke ruɓaɓɓen naman, suka bar rami a ƙafar wanda babban yatsana zai shige. Likitan bai ɓoye mana ba. In ramin bai ciko ba Zariya za a tura mu, a can kuwa ƙafar za su cire.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare, don haka ni nas ta tsayar ta yi wa bayani. Ta ce magani kaɗai ba ya cike rami, jiki sai an ba shi abin da zai gina sabuwar tsoka. To Baba haƙoransa saura 'yan tsiraru, nama ya fi ƙarfinsa. Wake na kumbura masa ciki, ƙwai kuma tun yana yaro yake tayar masa da zuciya. Sai ta ce a nemi kifi mai farin nama, karfasa ko fanla na ƙanƙara, a dafa shi, ban da suya, gishiri kaɗan. Yana da laushi, ba shi da maiƙo sosai, ba ya tayar da suga. Ta ce kullum a ba shi, kuma ya cinye.

A gidanmu kifi ɗan banda ne da ake marmasawa a miyar kuka don ƙamshi. Mama ta ce ita dai ba ta taɓa jin an dafa kifi fari fat kamar an wanke shi an manta da shi ba. Amma ta dafa, da citta da albasa da tafarnuwa saboda ƙarni. Da rana ta zuba a kwanon Baba ta kai masa zaure, inda yake wuni da ƙafar a kan matashi. Kullum kwanon yana dawowa fes, mu kuma muna godiya ga Allah.

Ramin dai bai motsa ba. Duk zuwan da muka yi wankin ciwon nas ta leƙa ta yi tsaki, ta tambaye ni ko yana cin kifin, na ce har romon. Ran wata Asabar da ba makaranta na zauna a bakin zauren ina tsinke zogale, na ga yadda ake cinyewar.

Ashe lokacin da Mama ke kai kwano shi ne lokacin da mutane ke dawowa daga gona, su biyo dubiya. Dattawan cocinmu, maƙwabta, dangi daga Gubuchi da Kudan. Baba kuwa tun da aka haife shi bai taɓa kai loma baki a gaban mutum bai ce bismilla ba. Su ma ba kwaɗayi ne ya kawo su ba. A wurinmu marar lafiya ana taya shi ci ne, wai ganin hannuwa a kwano ke buɗe masa ciki. Wannan ya gutsura ya ce daure ka ci, wancan ya gutsura ya ce ai da sauƙi. Baba ya ɓalli tsoka ya miƙa wa jikan da ke raɓe da shi. Abin da ya shiga bakinsa kan kifin ne, ya tsotsa, ya kurɓi romo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari na karɓe kwanon daga hannun Mama, na sa aka kamo Baba zuwa ɗaki, na ajiye masa na ja ƙofa. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

“Ni kare ne, da za a rufe ni da abinci?”

Bai taɓa shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna masa da Zariya, ya ce su cire ɗin, ya ji. Haka muka yi ta yi, kifi yana hucewa ana kai wa yara. Har Mama ta ce in rabu da shi, gara kan kifin da babu.

Muna da maƙwabci musulmi, tsoho, wanda kowa ke kira Malam ko da yake ba ya koyar da kowa. Ya girmi Baba, tare suka yi kiwo suna yara. Ya ji abin da ake ciki, don faɗan da na yi ko a bakin titi an ji shi. Ranar da Mama ta mayar da kwano zaure Malam yana zaune, zauren cike. Baba ya buɗe ya ce masa bismilla.

“Azumi nake. Ci abinka, ina nan.”

Shi ke nan. Babba bai sa hannu ba, wa zai riga shi? Kowa ya naɗe hannunsa aka ci gaba da hirar taki da ruwan sama. Baba ya ci yana ƙunƙuni, amma ya cinye. Gobe ma Malam ya zo da azumi, jibi ma haka. Baba ya ce wannan wane irin azumi ne, ba watan azumi ba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba? Malam ya ce tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni a raina na ce tsohon nan ya iya dabara, na ɗauka yana fita daga gidanmu yake zuwa ya sha furarsa.

Sannu a hankali jan nama ya fara tasowa daga ƙasan ramin. Damina ta yi nisa kafin likita ya duba ya ce maganar Zariya ta wuce. Muna dawowa da azahar na shiga gidan Malam in gaya musu. Na same shi kwance a rumfa, leɓɓansa sun bushe, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da na faɗa musu, matarsa ta yi hamdala, ta ce to yanzu sai a huta da tashin sahur, ga gona ciyawa ta cinye don ba ya iya kai rana a cikinta.

Malam ya tashi zaune ya tambaye ni ko likita ya ce a daina kifin. Na so in ce e. Na ce a'a, sai fata ta rufe gaba ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya juya wajen matarsa.

“To jiƙa geron kunun.”

Ta tashi ta ɗauko ƙwarya.