Takardar Likitan Da Na Buga Wa Mamman

Kafin wannan abu ya same ni, ni magatakarda ne a wani ofishin kago a unguwar Deira ta Dubai. Ina cika wa 'yan kasuwar Kano takardun kaya, ina jin Larabci da Turanci daidai gwargwado, kuma hannuna ya faɗa da kwamfuta. Ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba.

A lokacin ne wasu mutum biyu suka fara shirya gasar faɗan keji, wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri a wasa ɗaya. Wani sito suka kama a Ras Al Khor, masu waldan maƙwabta suka haɗa musu kejin, 'yan kallo kuwa kanikawa ne da direbobi a kan kujerun roba. Suna neman 'yan wasa daga Afirka, sai aka kai ni tafinta. Daga tafinta na koma mai kula da takardun 'yan wasa gaba ɗaya.

Gasar ta yi suna, ta bar sito ta koma zauren otal, har 'yan talabijin na zuwa. Sai ƙa'ida ta tsananta: ba mai shiga keji sai da takardar likita, gwajin jini da hoton kai.

A karon farko kwanan wata kawai na gyara. Gwajin wani ɗan wasa ya wuce wa'adi da 'yan kwanaki, na ce ai jinin nan ne dai a jikinsa. Ba wanda ya lura. Manaja bai san abin da na yi ba, ya ga dai takardu sun cika, ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibi, aikinka ba ya tsaiko." Yabon ya shige ni. Daga nan na kwafi hatimin wani asibiti na ajiye a kwamfuta, duk wanda takardarsa ta makara sai in buga masa.

Mamman ɗan kokawa ne daga Maraɗi, gadi ya kawo shi Dubai. Ya ci wasanni a jere har aka ba shi wasan kambu. Wajen atisaye ya bugu a kai. Wata rana bayan azahar ya same ni a ofis da takarda a hannu.

"Yaya, docteur ya ce in huta wata shida. Wasan kuwa saura mako biyu."

"Kai me kake ji?"

"Ciwon kai ne da safe. Ça va, da sauƙi. Me suka rubuta?"

Da Turanci aka rubuta, shi kuwa Faransanci ya iya. Na ga layin da ya ce jini ya ɗan taru a cikin kansa. Na tuna an riga an manna hotonsa ko'ina, kuma ni na kawo shi gasar. Na ce masa, "Ba komai, tsoron likitoci ne." Na buga masa sabuwa.

A zagaye na biyu aka taɓa shi da naushin da bai kai ya kawo ba. Ya jingina da keji kamar mai hutawa, ya sulale, bai tashi ba. A asibiti likitoci suka ga tsohon jini a hoton, suka nemi takardar da ta ba shi izinin wasa. Washegari 'yan sanda suka zo ofis. Ban yi musu gardama ba.

Mai bincike ya ce mini, "Ka roƙi Allah Mamman ya farka."

Kwana tara ina tsare, ban san ko mai kisa ne ni ba. A rana ta goma mai binciken ya leƙo ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya buɗe ido, har ya nemi ruwa." Na yi sujada a kan simintin nan, na daɗe ban ɗago ba. Lokacin da alƙali ya yanke mini ɗauri tare da kora daga ƙasar, wallahi sauƙi na ji.

An dakatar da gasar. Da ta dawo, sai masu ita suka ɗauki likitansu mai kiran asibiti da kansa kan kowace takarda.

Mamman ya ziyarce ni a kurkuku sau ɗaya. Yana tafiya da ƙafarsa, sai dai hannun hagu ya yi sanyi, kokawa ta ƙare masa. Ta bayan gilashi ya ce, "Yaya, me ya sa ba ka karanta mini ba?"



"Wataƙila ma da na shiga duk da haka," in ji shi. "Amma da ni na zaɓa. Na yafe maka."

Yau ina Kano, na gama wa'adina, na tuba ga Allah. Mamman na nan a raye, ya koma gadinsa, ya yi aure, kuma wannan ne ke sa ni barci.

'Yan uwana matasa, ku da kuka iya boko da kwamfuta, ban ɗauki kayan kowa ba, amma saura ƙiris in kashe mutum ina zaune a kujera. Kada ku taɓa takardar da ba taku ba, ko kwanan wata ne. In wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda ya ce me aka rubuta, ku karanta masa duka, har layin da ba ku so ya ji.