Wandon mai duba ruwan dam

A tashar keke ta Tirwun akwai wani dogon mutum da ake fara kallon ƙafarsa kafin fuskarsa. Ban san sunansa ba. Mai shayi ya ce min shi ne ke taka ruwan dam kowace safiya har gindin sandar awo, kuma bai taɓa naɗe wando ba. Shatin lakar da ke jikin wandon nan shi masu gonakin ƙasan dam ke jira. In ya haura gwiwa, an kusa buɗe ƙofar ruwa ke nan, kowa ya je ya kwashe abin da ya shuka.

Rediyon mai shayi na cewa daminar bana za ta yi ƙarfi. Bara ma haka ya ce, aka ƙare da roƙon ruwa. Mutumin yana kurɓar shayinsa a tsaye, laima a hammata. Ina jin shi ma famfon gidansa iska yake kawowa.

Yau wandon fes yake, har da karin guga. Wata dattijuwa mai gonar tattasai a bakin rafi ta zagaya shi, ta ce, "Malam, ruwan ya janye ne?"

Ya dubi wandon. "Mama, biki za ni. Na aikin yana gida."

Ya hau keke ya tafi. Ta juya wurin mai shayi.

"Ɗana, ina gidansa? In je kafin matarsa ta wanke."